Sadarwa da hasken lesa: Mu fara auna iskarmu kafin 'yan talla su iso

Duk wanda ya taɓa bin titin Kano zuwa Daura da tsakar rana a watan Afrilu ya san kawalwalniya. Kana tafe sai ka hango kamar ruwa ya kwanta a kan kwalta, motar da ke gabanka kuma tana rawa tamkar an zana ta a jikin labulen da iska ke kaɗawa. Haka nan wanda ya tsaya a gaban mai tsire ya dubi bangon da ke bayan wutarsa, zai ga bangon yana makyarkyata alhali ko motsi bai yi ba. Mu da muka tashi muna kwana a tsakar gida lokacin bazara mun saba ganin taurari suna ƙyafta ido, ba mu taɓa tambayar dalili ba. To, mai karatu, wannan rawar da iska ke sa haske ya yi, wadda muke ɗauka abin kallo, ita ce a yau take hana manyan injiniyoyin Amurka da Turai da Japan barci, kuma a kanta nake son mu ɗan tattauna, domin ina ganin akwai rabonmu a ciki idan mun farka da wuri.

Tun da aka fara harba taurarin ɗan'adam, da igiyar rediyo suke magana da ƙasa. Sai dai zangon rediyo ya yi cunkoso, kowace ƙasa da kowane kamfani na kokawar samun gurbi a wajen hukumar sadarwa ta duniya da ke Janiba, ga shi kuma bayanan da taurarin ke tarawa kullum ƙaruwa suke yi. Wannan ya sa aka koma ga hasken lesa, musamman irin wanda ido ba ya gani, wanda kuma shi ne ke gudana a cikin zaren gilashin da ke kawo mana intanet. Saurin kaɗawarsa ya ninka na igiyar rediyo sau dubbai, saboda haka kayan da zai iya ɗauka ba a haɗa su. Bugu da ƙari, siriri ne ƙwarai. Igiyar rediyon da ta sauko daga tauraron da ke nisan kusan kilomita 36,000 takan rufe ƙasashe da dama, amma hasken lesa daga wannan nisan bai wuce ya haska 'yan ɗaruruwan mita ba, don haka mai satar saurare sai ya zo kusa da bakin ƙofarka.

Ba tatsuniya ba ce. A tsakiyar shekarun 1990 Japan ta gwada aika saƙo da lesa tsakanin ƙasa da tauraronta ETS-VI. A watan Nuwamban 2001 tauraron Artemis na hukumar sararin samaniyar Turai ya karɓi hotuna daga tauraron SPOT-4 na Faransa da hasken lesa, a gudun megabit 50 cikin daƙiƙa guda. A shekarar 2013 hukumar NASA ta sauko da bayanai daga kumbon da ke kewaya wata a gudun megabit 622. A 2023 wani ɗan ƙaramin tauraro mai ɗauke da na'urar TBIRD, wadda girmanta bai wuce kwalin takalmi ba, ya kai gudun gigabit 200, har ya sauke terabait 4.8 cikin minti biyar. A watan Disamban shekarar, kumbon Psyche ya aiko da bidiyon wata kyanwa daga nisan kimanin kilomita miliyan 31, aka karɓe shi da babban madubin hangen taurari na Palomar a Kalifoniya. An yi ta dariyar kyanwar a duniya, amma masana sun san abin da aka tabbatar a ranar.

Abin lura shi ne, a can sama inda babu iska, aikin ya riga ya zauna da gindinsa. Dubban taurarin Starlink suna miƙa wa junansu bayanai da lesa dare da rana, amma idan za su sauko wa mai faranti a kan rufin gidansa, da rediyo suke sauka. Me ya sa? Saboda 'yan kilomitocin ƙarshe. Haske zai keta dubban kilomita lafiya ƙalau, sai ya shigo kilomita ashirin ɗin da ke saman kanmu ya gamu da gamonsa.

Ga yadda abin yake. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba, kuma haske yakan ɗan karkata duk lokacin da ya fita daga wannan ya shiga waccan. Rana na gasa ƙasa, ƙasa na ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta tashi ta cakuɗa da ta sama, sai a sami dunƙule-dunƙulen iska masu bambancin zafi, wasu girman gida, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Kowane dunƙule tamkar ɗan gilashin tabarau ne mara kyau, kuma iska na kora su ta gaban hasken ba tsayawa. Wannan shi ne hargitsin iska. Masanin lissafi na Rasha Andrey Kolmogorov ne ya bayyana tsarinsa a 1941, Tatarski ya ɗora shi a kan tafiyar haske, sannan a tsakiyar shekarun 1960 Ba'amurke David Fried ya fito da ma'aunin da har gobe ake kira da sunansa. Ma'aunin Fried yana gaya maka faɗin wurin da haske ke isowa bai wargaje ba. A kan tsaunuka masu kyau da daddare yakan kai santimita 10 zuwa 20. Da rana tsaka a fili mai zafi yana iya faɗowa zuwa 'yan santimita kaɗan.

Wanda ya ga waɗannan alkaluma zai ce ai ƙananan abubuwa ne. To, ya tuna cewa tashar ƙasa tana tattaro hasken ne da madubi mai faɗin kusan mita guda, sannan ta tura shi cikin zaren gilashin da ramin cikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, wato siririn da bai kai gashin kai ba. Idan hasken ya iso a wargaje, maimakon ɗigo ɗaya sai a sami tarin ɗige-ɗige suna tsalle-tsalle, akasarinsu su zube a gefen ramin. Ƙarfin hasken kuma yana hawa yana sauka sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa. Ɗaukewar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, ido ba zai ma gane ta ba, amma a layin da ke gudun gigabit 10 ta cinye ɗigon bayani miliyan goma ke nan. Mu da muka saba hoton talabijin ya daskare idan hadari ya haɗo mun ɗan ɗanɗani irin wannan, sai dai namu na rediyo ne, kuma sai da ruwan sama. Shi na lesa ko sama na tangaran yana faruwa.

Aika saƙo daga ƙasa zuwa sama ya ma fi wuya. Hasken da ya sauko ya riga ya yi tafiyarsa kafin ya gamu da iska, karkatar da zai yi a ƙarshe kaɗan ce. Wanda ya tashi daga ƙasa kuwa tun daga bakin ƙofa iska ke ture shi, kuma 'yar turewar nan idan aka ja ta tsawon dubban kilomita sai ya saɓa wa tauraron gaba ɗaya. Akwai kuma wata matsalar da maharba za su fi kowa ganewa. Mai harbin tsuntsu a sama ba ya saita inda tsuntsun yake, sai inda zai kai. Ko tauraron da muke gani kamar a tsaye yake wuri ɗaya, gudu yake na kimanin kilomita 3 a daƙiƙa, saboda haka dole a saita hasken gabansa da ɗaruruwan mita. Ma'ana, hanyar da saƙo ya bi ya sauko ba ita ce daidai wadda amsa za ta bi ta hau ba, kuma idan hargitsin ya fi yawa a can sama, abin da ka auna a hanyar saukowa ba lallai ya yi maka amfani a hanyar hawa ba.

Magunguna akwai su. Tun 1953 masanin taurari Horace Babcock ya kawo shawarar madubin da zai riƙa lanƙwasa kansa yana gyara ɓarnar iska, kuma yau ana ƙera irinsa, yana sauya fuska sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa. Tashoshin nan biyu da NASA ta tanadar wa na'urarta ta LCRD da aka harba a Disamban 2021, ɗaya a Table Mountain ta Kalifoniya ɗaya a kan tsaunin Haleakala na Hawai, duka da irin wannan madubin aka shirya su. Wata dabarar ita ce a raba hasken hawa gida-gida, kamar yadda aka yi a tashar White Sands a gwajin 2013, inda madubai huɗu ke aikawa, huɗu ke karɓa, don idan iska ta ture wannan, wancan ya isa. Ana kuma warwatsa bayanai a tsawon lokaci tare da sake aiko abin da ya ɓace. To amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan magungunan sai an san girman cutar ake iya ƙayyade shi. Madubin zai lanƙwasa a wurare nawa? Da wane sauri? Faɗin madubin karɓa nawa ne zai wadatar? Injiniyan da ba shi da ma'aunin iskar wurin, ɗayan biyu ne: ko ya sayi abin da ya fi ƙarfin buƙata a yi asarar kuɗi, ko ya sayi wanda bai kai ba a wayi gari da ginin da ba ya aiki sai da asuba.

A nan ne maganar awo ta shigo, kuma a nan ne nake ganin an fi yin sakaci, domin aiki ne mara armashi, ba a yanka masa kyalle, ba a kiran 'yan jarida. Masana taurari sun daɗe suna yinsa. Na'urar da suka fi amfani da ita, wadda ake kira DIMM, Sarazin da Roddier ne suka bayyana ta a 1990, kuma hikimarta mai sauƙi ce. Ana rufe bakin ƙaramin madubin hangen nesa a bar ƙofa biyu, a sa ɗan gilashi a ɗaya don tauraro guda ya fito biyu a kyamara. Idan madubin ne ya girgiza, hotunan biyu tare za su motsa. Idan kuwa suka riƙa matsowa suna nesanta da juna, to aikin iska ne, kuma daga yawan motsin ake lissafa ma'aunin Fried. Akwai wasu na'urorin, irin su SCIDAR da MASS, masu gano a wane tsayi hargitsin ya fi taruwa, akwai masu auna shi tsakanin hasumiya biyu a doron ƙasa, akwai kuma balan-balan masu ɗauke da ma'aunin zafi.

Sai dai abin da masanin taurari ke nema daban, na mai sadarwa daban. Shi na farko da daddare yake aiki, a kan ƙololuwar dutse nesa da gari, yana kuma jiran tauraronsa ya hau tsakiyar sama. Mai sadarwa kuwa abokin cinikinsa ba ruwansa da dare ko rana, tasharsa dole ta kasance inda layin intanet da wutar lantarki za su kai, tauraron da ke kewaya ƙasa a kurkusa kuma 'yan mintoci kawai yake bayyana, yawanci a can gefen sama inda haske ke keta iska mai yawa. Wannan ya sa tarin ma'aunin da aka yi shekaru ana tarawa a tsaunukan Cile da Hawai bai amsa tambayar mai sadarwa ba. Shi ya sa a 'yan shekarun nan masana a jami'ar Durham ta Ingila suka ƙera na'urar da ke bin taurari masu haske har da rana, don a sami ma'aunin sa'o'i ashirin da huɗu, aka kuma fara kafa irinta a cikin birane. Inda babu ma'auni, injiniyoyi kan koma ga wani lissafin jeka-na-yi-ka da ake kira Hufnagel-Valley, wanda aka gina a kan iskar wasu wurare masu sanyi. Riga ce da aka ɗinka da awon wani.

To, ina ruwan mutumin Kano ko Sakkwato ko Damagaram da wannan? Babban maƙiyin hasken lesa, wanda ya fi hargitsin iska, shi ne gajimare, domin shi ba a lallashinsa, rufe hanya yake yi ruf. Maganinsa ɗaya ne: a kafa tashoshi da dama a wurare masu nisa da juna, idan wannan ta rufe a koma waccan. Shi ya sa a gwajin 2013 aka tanadi tashoshi uku, biyu a Amurka, ta uku a tsibirin Tenerife na Sifen, a tsayin kusan mita 2,400. Shi ya sa kuma hukumar Turai ta juya ga tsaunukan Girka, Ostiraliya ma take gina nata jerin tashoshin. Duniya na neman sararin sama mai tsabta, kuma watannin da gajimare ke lulluɓe Turai su ne watannin da mu a nan muke yin makonni ba mu ga ko ƙyallinsa ba.

Akwai wata falalar da lissafi kawai ke nunawa. Taurarin da ke tsaye wuri ɗaya duk a saman tsakiyar duniya suke jere. Mutumin Kano, da yake digiri 12 kacal yake arewa da wannan layin, tauraron da ke saitin garinsa kusan a tsakar kansa yake ganinsa, a tsayin digiri 76. Mutumin kudancin Jamus kuwa a digiri 35 yake hango nasa, wato haskensa sai ya keta iskar da ta kusa ninka tamu sau ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Wannan ba mu muka ba kanmu ba, kuma ba wanda zai ƙwace mana.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa mun ci kasuwa. Ba haka ba ne, kuma wannan ne ma ya sa nake ta nanata awo. Lokacin da gajimare ya bar mu, lokacin ne hazo ke sauka. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, a ƙofarmu yake, kuma iskar hunturu kai tsaye take kwaso mana ita, har jirage su kasa sauka a Kano da Maiduguri. Ƙurar Sahara manyan ƙwayoyi gare ta, don haka tana rage ƙarfin hasken lesa kusan yadda take rage wanda ido ke gani. Ita kanta tashar Tenerife ba ta tsira daga wannan ƙurar ba, tana kai mata ziyara. Da hazo ya ɗaga kuma sai zafin bazara ya kama, ƙasa ta yi ta tafasa iska daga hantsi har la'asar, guguwa na tashi a fili. Damina ta zo da nata gajimaren. Mai yiwuwa ne a auna a ga cewa filayen Kano da Katsina ba su dace ba sam, amma tudun Jos ko duwatsun Shere da suka kai kusan mita 1,800, ko tsaunin Mambila, ko duwatsun Ayar na Nijar, su ba da mamaki a wasu watanni. Mai yiwuwa kuma duka su faɗi jarrabawar. Ko hakan aka samu an ci riba, domin an tsira daga sayen abin da ba zai yi aiki ba.

Na san akwai mai cewa, mutanen da ke fama da tsadar abinci da ɗaukewar wuta da rashin tsaro, me ya kai su zancen harba haske sama? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba, kuma da gina tasha nake kira a yi yanzu da na janye maganata. Abin da nake nema ƙarami ne. Madubin hangen nesa mai faɗin taƙi ɗaya da rabi, kyamara mai sauri, kwamfuta, farantan hasken rana, 'yar hasumiya, da ɗalibai biyu ko uku masu haƙuri. Duk kuɗinsu ba zai kai na jif ɗaya daga cikin waɗanda ke bin manyanmu a jerin gwano ba. Kuma ba sabon abu ba ne a yankinmu a auna sama. Tun shekarun 1990 akwai na'urorin auna ƙura na tsarin AERONET a Ilori da kuma Banizumbu kusa da Yamai, a 2006 ma Amurkawa sun kafa tashar binciken iska a Yamai ta yi shekara guda tana aiki. Maroko ta yi shekaru tana auna iskar tsaunin Oukaimeden, kuma da wannan ma'aunin ta jawo abokan hulɗa daga waje. Hukumar NASRDA tana da cibiyar binciken iska a Anyigba, jami'o'inmu na Zariya da Kano da Jos da Sakkwato suna da sassan kimiyyar fiziya cike da matasan da ke neman batun digiri na biyu da na uku. Abin da ya rage a haɗa su da aikin.

Dalilin da ya sa nake ganin gaggawa shi ne, irin wannan awon ba a yinsa a mako guda. Dole a ga hunturu da bazara da damina da kaka, kuma a gan su fiye da sau ɗaya, tun da hazon bana ba shi ne na baɗi ba. Shekara biyu zuwa uku ita ce mafi ƙaranci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mun riga mun san yadda lamuranmu ke gudana. Wata rana wani kamfani zai iso Abuja da hotuna masu ƙyalli da alkawarin gigabit ɗari, a kafa kwamiti, a sa hannu, sai bayan an gama gini a fara tambayar ko iskar wurin ta yarda. Ƙasar da ta harba NigComSat-1 a watan Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwamban 2008, aka jira har Disamban 2011 kafin a maye gurbinsa, ta san cewa kuskure a harkar sararin samaniya shekaru yake ci. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi har nan Arewa suka tsaya cik, mun ga illar rataya komai a igiyoyin da duk ta bakin teku suke shigowa. Tashar lesa ba za ta maye gurbin waɗannan wayoyin ba, amma ƙofa ce ta biyu, kuma ita ba sai ta bi ta Legas ba.

Akwai abu ɗaya da zan roƙi duk wanda zai ɗauki wannan aikin. Ma'aunin da aka tara ya zama na kowa, a wallafa shi yadda masani a Tokyo ko Tulus zai iya dubawa ya gaskata, kada a kulle shi a durowar wani darakta. Wanda ke neman inda zai kafa tasha a jadawalin alkaluma yake dubawa, kuma garin da ba ya cikin jadawalin ba a ma kawo sunansa a teburi. Sannan a fara da lokacin da ya fi muni. Masana sun lura cewa hargitsin iskar da ke kusa da ƙasa yakan lafa sau biyu a yini, jim kaɗan bayan fitowar rana da kuma dab da faɗuwarta, lokacin da zafin ƙasa da na iska suka daidaita. Duk mai son ya burge shugabansa zai iya ɗaukar awonsa a waɗannan lokutan ya kawo rahoto mai daɗi. Ni wanda nake son gani shi ne na ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, da na tsakiyar Janairu ranar da hazo ya rufe Dala har ba a hango ta daga Ƙofar Mazugal.